Kiɗa da Batir: Me Ya Haɗa Waƙar da Kake So da Motar Gobe?

 Ga waɗanda data ba ta bari sun saurari shirin ba, da waɗanda dama sun fi son karatu, ga shi mun rubuto muku kamar yadda muka saba.

Yau maganar abu biyu za mu yi, waɗanda in ka ji su a jere sai ka ce me ya haɗa kifi da kaska. Na farko irin kiɗan da kowannenmu yake so. Na biyu batirin motar lantarki da inda ya dosa. Bari in faɗa muku inda na sa gaba tun yanzu, don kada wani ya ɓace a hanya. Abin da mutane suke so kuma suka saba da shi, shi ne ya yi ta jan fasahar batir tun farko, kuma shi ne zai yanke wane irin batir zai yi kasuwa a kowace ƙasa. Mu kuma in ba mu san wanda ya dace da mu ba, to wanda aka yi don wasu za a jibgo mana, mu biya kuɗi mu saya.

Mu fara daga gida. Ku tambayi iyayenku ko yayyenku zamanin rediyo mai kaset. Manyan batura ake jera mata a baya, irin su Tiger Head, wata ta ci huɗu, wata shida. Batir kuɗi ne, saboda haka ba a wasa da shi. In ana so a mayar da kaset baya, ba a danna maɓalli, sai a zare shi a zura biro a ramin a yi ta juyawa da hannu, saboda mayarwa da inji tana shan batir. In batir ya fara sanyi kuwa, sai ka ji muryar Mamman Shata ta yi nauyi tana jan ƙafa, kalangu ya koma kamar ana kaɗa shi cikin barci. Sai a cire baturan a shanya a rana, wasu har su ɗan cije su, wai ko za su ƙara numfashi.

To ka lura da abin da wannan ya yi wa kunnen mutanen lokacin. Tunda tsallake waƙa asara ce, in aka saka kaset sai a bar shi ya tafi har ƙarshen fuska ɗaya. Mutum zai zauna ya ji waƙar Ɗan Maraya Jos ko ta Barmani Choge daga farko har ƙarshe, ya haddace, ya gane habaicin da ke ciki. Mu yanzu fa? Waƙa ta fara, daƙiƙa goma ba ta kama ka ba, ka wuce ta gaba. Ban ce batir kaɗai ne ya kawo wannan ba, akwai intanet, akwai TikTok. Amma duk waɗannan suna tsaye ne a kan ɗan batirin da ke cikin wayarka, wanda yake kai ka yini guda. Da har yanzu baturan rediyo muke saye, da ba haka muke jin waƙa ba.

Yanzu mu tsallaka Japan. A shekarar 1979 kamfanin Sony ya fito da Walkman, ƙaramar rikodar da mutum zai rataya ya saka abin ji a kunne ya yi tafiyarsa. Ƙananan batura biyu take ci. Duniya ta rungume ta, kuma kamfanoni suka gane wani abu: mutane suna son su ɗauki nishaɗinsu su yi yawo da shi, kuma za su biya kuɗi a kan hakan. Matsalar ita ce batir. Ana buƙatar wanda ba shi da nauyi, mai daɗewa, wanda za a iya sake yi wa caji.

A lokacin masana sun riga sun fara aiki a kai. Stanley Whittingham ya yi batirin litiyam na farko mai caji a shekarun 1970, yana aiki da kamfanin mai na Exxon. Ka ji fa, kamfanin mai! A 1980 John Goodenough, yana jami'ar Oxford a Ingila, ya gano cewa in aka haɗa litiyam da kobal batirin yana ba da ƙarfi fiye da na baya sosai. A 1985 Akira Yoshino a Japan ya yi samfurin da za a iya sakawa a aljihu ba tare da fargabar gobara kullum ba. Su ukun nan aka ba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2019, lokacin Goodenough yana da shekara 97. To wa ya fara kai wannan batir kasuwa? Sony, a 1991. Wato masu Walkman ɗin nan. Kuma ba don mota suka yi ba, don ƙananan na'urori ne irin su kyamarar bidiyo ta hannu.

Daga nan sai wayoyi, sai kwamfutar tafi-da-gidanka. A 2001 Apple ya fito da iPod, waƙa 1,000 a aljihu, batirin yana kai awa 10. Kowace waya da kwamfuta da aka sayar tana ƙara wa masana'antun batir ciniki da ƙwarewa, farashi yana sauka. Har aka kai 2008, Tesla ya fito da motarsa ta farko, Roadster. Ka san abin da ke cikinta? Ƙananan batura 6,831, irin na cikin kwamfutar tafi-da-gidanka, aka jera aka haɗa. Kenan motar lantarki ta zamani ta hau kan hanyar da masu son jin waƙa, da kallon bidiyo, da hira a waya suka share mata da kuɗinsu na kusan shekara 20.

Kafin mu ci gaba, bari in sauƙaƙa yadda batirin yake aiki, don abin da za mu faɗa gaba ya zauna. Ka ɗauke shi kamar garuruwa biyu da kogi a tsakani. Ƙwayoyin litiyam su ne matafiya. In ka saka caji, sai su haye kogin su taru a gari ɗaya, wanda yawanci da girafayit ake yin sa, baƙin abin nan na cikin fensir. In ka kunna mota, sai su komo ɗaya garin, kuma wannan komowar ce take tura wuta cikin waya ta juya injin. Kogin shi ne ruwan batir. Yawancin rigimar da ake yi yau a kan abu biyu ne: da me za a gina gari na biyun, kuma shin dole sai da ruwa a tsakani?

Ma'auni kuma duk kun san shi. Yunit ɗin nan da kuke saya a mita, shi ne kilowat ɗaya na awa ɗaya. Matsakaiciyar motar lantarki batirinta yana ɗaukar yunit 50 zuwa 80, kuma tana cin wajen yunit 15 zuwa 20 a kilomita 100. A 2010 kuɗin yunit ɗaya na batir ya haura dala 1,000. A 2024, bisa lissafin BloombergNEF, ya sauko zuwa dala 115. Shi ya sa a wannan shekarar aka sayar da motocin lantarki sama da miliyan 17 a duniya, wato fiye da ɗaya cikin kowace mota biyar sabuwa, a ƙididdigar hukumar makamashi ta duniya, IEA.

To yanzu kiɗa ya sake shigowa, ta wata ƙofa da ba a zata ba. Motar lantarki ba ta da ƙara. Babu salansa, babu rurin inji. In tana tafiya a hankali sai ta zo bayanka ba ka sani ba. Ga mai gani wannan abin razana ne, ga makaho kuwa maganar rai ce, tunda shi da kunne yake tsallaka titi. Wani bincike da aka wallafa a Birtaniya a 2024, wanda ya duba haɗurra daga 2013 zuwa 2017, ya nuna cewa motocin lantarki da masu haɗa lantarki da mai sun fi na fetur yiwuwar buge mai tafiya a ƙasa har ninki biyu, a cikin birane kuma kusan ninki uku. Saboda irin wannan haɗari ne Tarayyar Turai ta yi doka, daga 2019 ga sababbin samfura, daga 2021 kuma ga kowace sabuwar mota, cewa dole ta riƙa fitar da sauti in tana tafiya ƙasa da kilomita 20 a awa, ko tana komawa baya. Amurka ma tana da tata, ita har kilomita 30.

Sai tambaya ta taso: wane sauti? Injin fetur ba wanda ya zaɓa masa murya, haka ya zo. Wannan kuwa sai an zauna an tsara. Kamfanoni suka fara neman makaɗa. BMW ya ɗauko Hans Zimmer, wanda ya yi kiɗan fim ɗin The Lion King, ya tsara sautin da direba yake ji in ya taka mota. Fiat ya saka wa ƙaramar motarsa 500e wani ɗan kiɗa na Nino Rota, shahararren mai kiɗan finafinan Italiya. A farkon 2024 Mercedes da will.i.am suka nuna wata manhaja a Las Vegas, wadda take sarrafa waƙa daidai da tuƙinka: ka taka totur kiɗa ya cika, ka taka birki ya lafa, ka karya sitiyari wani sautin ya shigo. Direba ya zama makaɗi kenan.

Tesla shi kuma ya ce kowa ya zaɓi nasa. Ya saka wani abu mai suna Boombox, wanda yake ba ka damar kunna abin da ka ga dama ta lasifikar waje, har da kukan akuya. Haba, ka yi tunanin kana tsallaka titi ka ji akuya a bayanka, ka waiwaya ka ga mota! A watan Fabrairun 2022 hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta sa aka gyara motoci wajen 578,000, aka hana abin aiki in mota tana tafiya, saboda yana iya danne sautin gargaɗin. A nan an ja layi. Cikin mota ka ji abin da ranka yake so, amma sautin waje na mai tafiya a ƙasa ne, dole ya ji ya gane mota ce.

Akwai wasu kuma da suka ce su dai a dawo musu da rurin inji. Dodge ya yi motar lantarki mai suna Charger Daytona, ya saka mata salansar ƙarya mai ƙara kamar ta injin tsere. Hyundai Ioniq 5 N ba ta da giya mai hawa-hawa, amma an tsara ta tana kwaikwayon giya takwas, har da ɗan fizgar nan da kake ji in an canza. Me ya sa kamfani zai kashe kuɗi ya ƙirƙiro abin da fasaha ta riga ta kawar?

Amsar tana wajen masu nazarin waƙa. A 2018 wani mai bincike, Seth Stephens-Davidowitz, ya duba bayanan Spotify ya rubuta a jaridar New York Times cewa waƙoƙin da mutum ya fi riƙewa har girmansa su ne waɗanda suka fito yana ɗan shekara 13 zuwa 14. Shi ya sa babanka yake ganin bayan Shata an gama waƙa, yayarka ta tsaya a kan Umar M. Shareef da Ali Jita, kai kana kan Hamisu Breaker ko Rema, ƙaninka kuma yana jin wani abu da kai ma ka fara cewa hayaniya ce. Kunne yana kafewa a inda ƙuruciya ta bar shi. Wanda ya taso yana jin rurin inji a matsayin alamar ƙarfi, in ka ba shi mota shiru sai ya ji kamar an rage masa wani abu. Yaron da aka haifa yau a Shenzhen ta China, inda motocin bas na birnin suka koma lantarki tun ƙarshen 2017, ba zai yi kewar salansar bas ba, don bai san ta ba.

Bari in amsa wata tambaya da na san tana ran wasunku: in na ƙure kiɗa a motar lantarki, batir ba zai ƙare ba? Mu yi lissafi. Mu ɗauka lasifikun motar suna jan wat 100, wanda ya riga ya zama ƙara mai yawa a cikin mota. A awa ɗaya sun ci kashi ɗaya cikin goma na yunit. Motar da take cin yunit 16 a kilomita 100, wannan bai kai mata tafiyar kilomita ɗaya ba. Daga Kano zuwa Kaduna, kusan kilomita 230, ko ka sha waƙa tun daga tasha har ka sauka, abin da ka rasa bai wuce kilomita biyu ko uku ba. Masu shan batir na gaske su ne gudu da na'urar sanyaya mota, wadda a rana mai zafi za ta iya jan ninki goma ko fiye na abin da kiɗa yake ja. Saboda haka zamanin biro ya wuce, sha waƙarka.

To yanzu mu shiga gundarin maganar, wato batirin gobe. Abin da ya faru da kunne a kan sauti, shi ne yake faruwa da zuciya a kan girman batir. Ba'amurke ya saba da babbar mota da tanki mai kai shi nesa. Duk da cewa matsakaicin tuƙin da yake yi a rana bai kai kilomita 70 ba, in zai sayi ta lantarki sai ya ce sai mai kilomita 500. Sai aka yi masa irin su GMC Hummer ta lantarki, batirinta ya haura yunit 200, nauyinsa kaɗai wajen kilo 1,300, wato ya kai nauyin wata ƙaramar mota sukutum. A China kuma a 2020 aka fito da Wuling Mini EV, 'yar ƙarama, mafi arahar samfurinta batirin yunit 9 da ɗoriya, tana yin kilomita 120, kuɗinta bai kai dala 5,000 ba. Ta yi kasuwa kamar me. Batirin Hummer ɗaya zai yi irin wannan sama da 20. Kimiyyar ɗaya ce, abin da mai saye yake so ne ya bambanta.

Daga wannan bambancin ne manyan gidajen batir suka rabu. Gida na farko shi ne NMC, wato nikel da manganis da kobal. Yana tara wuta mai yawa a ƙaramin nauyi, shi ya sa motoci masu dogon zango suke son sa. Amma yana da tsada, ba ya son zafi, kuma kobal ɗin yana da labari mai ɗaci. Wajen kashi 70 cikin 100 na kobal ɗin duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango yake fitowa, kuma tun 2016 ƙungiyar Amnesty ta fitar da rahoto kan yaran da suke aiki a ramukan haƙarsa a kudancin ƙasar. Nikel kuma fiye da rabinsa daga Indonesiya, inda ake sare daji don haƙo shi.

Gida na biyu LFP, wato litiyam da ƙarfe da fosfet. Babu kobal, babu nikel. Shi ma daga ɗakin binciken Goodenough ya fito, a jami'ar Texas, a ƙarshen shekarun 1990. Da farko Turawa sun raina shi don ba ya tara wuta kamar NMC. 'Yan China suka riƙe shi suka yi ta gyara. A 2020 BYD ya fito da batirinsa mai suna Blade, ya nuna ana soka masa ƙusa bai kama da wuta ba. LFP ya fi araha, ya fi jure zafi, yana ɗaukar caji sau dubbai kafin ya gaji. Rauninsa sanyi mai tsanani. A 2024 ya kai kusan rabin baturan motocin lantarki da aka sayar a duniya. Kuma da yawanku kun san shi ba ku sani ba: yawancin baturan litiyam da ake haɗa wa sola da inbata a gidaje da shaguna yanzu, LFP ne.

Gida na uku sodiyam, sinadarin da ke cikin gishirin miya. Shi ba a rigima a kansa, yana ko'ina. CATL, kamfanin batir mafi girma a duniya, wanda yake riƙe da sama da kashi ɗaya cikin uku na kasuwa, ya sanar da nasa na farko a 2021, a 2025 kuma ya fito da ingantacce mai suna Naxtra. Sodiyam yana jure sanyi sosai, amma ya fi nauyi a kan wutar da yake tarawa. Makomarsa tana rataye da farashin litiyam. A ƙarshen 2022 litiyam ya yi tashin gwauron zabi, kowa ya juya wajen sodiyam. Daga baya farashin ya faɗi da fiye da kashi 80 cikin 100, sai zumuɗin ya ragu. Duk da haka, ga ƙananan motoci, da babura, da ajiyar wutar sola, yana da wurin zama.

Gida na huɗu shi ne wanda kowa yake jira: batir marar ruwa. Maimakon ruwan nan mai iya kamawa da wuta, sai a saka daskararren abu a tsakani. In ya yiwu, za a samu wuta mai yawa, caji da sauri, da ƙarancin gobara. Toyota ya ce yana sa ran fara saka shi a mota tsakanin 2027 da 2028. Wahalar ita ce ƙera shi da yawa a farashin da mutum zai iya saye, da hana shi tsagewa a ciki yayin da yake kumbura yana saɓewa a kowane caji. Ko ya fito, a motocin masu hannu da shuni zai fara. Kada wanda yake son keke mai lantarki don neman abinci ya zauna jiran sa.

Akwai kuma masu cewa a bar ƙara girman batir, a gyara yadda ake cika shi. A watan Maris na 2025 BYD ya sanar da cajin da ya ce yana ba da kilomita 400 a minti biyar. NIO shi kuma musanya yake yi: ka shiga tasha, a zare batirinka a saka cikakke cikin 'yan mintuna. Wannan dabara ta musanya ita ta fi kama ƙasa a Afirka, a wajen masu babura, a ƙasashe irin su Ruwanda da Kenya da Benin da Togo. Ɗan acaɓa ba shi da awa uku na zaman jiran caji, kuma ba shi da kuɗin sayen batir gaba ɗaya. Amma biyan kuɗin musanya kullum, kamar yadda yake shan mai, wannan ya saba da shi. Ka ga sabo ya sake yin aikinsa.

To ina muke a cikin wannan? Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023, maganar lantarki ta daina zama labarin ƙasashen waje. A Maiduguri an riga an ga motocin haya da kekuna masu lantarki a kan titi. Habasha ma a 2024 ta hana shigo da ƙananan motoci masu amfani da fetur ko dizal. Abin yana tahowa. Abin da nake jin tsoro shi ne hanyar da zai shigo. Mu kasuwarmu ta motocin hannu ce, 'yan Kwatano. Motar fetur mai shekara 10, in inji ya gaji, bakanike a Ƙofar Ruwa zai sauke shi ya gyara. Motar lantarki mai shekara 10, in batir ya gaji, ka rasa abin da ya fi komai tsada a jikinta. Yawancin kamfanoni garantin shekara 8 ko kilomita 160,000 suke ba batir. Wato daidai lokacin da garanti ya ƙare, lokacin ne za a loda ta a jirgin ruwa a nufo mu.

Ga kuma zafi. A 2012 masu Nissan Leaf na farko a jihar Arizona ta Amurka suka yi ta ƙorafin batirinsu yana raguwa da wuri, saboda motar ba ta da tsarin sanyaya batir da ruwa, garin kuma ga zafi. To Sakkwato da Maiduguri da Yamai a watan Afrilu, inda ake haura digiri 40, ai ba su da maraba da can. Batirin da aka tsara don Norway, inda damuwarsu ƙanƙara ce, ba lallai ya yi mana ba.

Saboda haka duk wanda zai sayi mota ko keke ko babur mai lantarki, ko zai ba wani shawara, ga tambayoyin da zai yi kafin ya duba fenti da girman allo. Wane irin batir ne a ciki, LFP ko NMC? Ana sanyaya shi da ruwa ko iska kawai? Kashi nawa ya rage na lafiyarsa, kuma a nuna maka a na'ura, ba da baki ba. In ya lalace, a ina ake samun wani, kuma nawa? In ka saya kuma, ka nema mata inuwa. In NMC ne, ka riƙa tsayawa wajen kashi 80 a cajin yau da kullum, kada kuma ka bar shi ya ƙare ƙarƙaf. In LFP ne, yana son a riƙa cika shi zuwa 100 lokaci-lokaci, don na'urar da take lissafin cajin ta daidaita. Sannan ka auna tafiyarka ta gaskiya. In daga Hotoro zuwa Kwari kake yi kullum ka dawo, me za ka yi da batirin kilomita 500? Kuɗin da za ka ƙara, da ka saka shi a sola ka riƙa caji a gida.

Magana ta ƙarshe a kan wannan ita ce ma'adinin kansa. Litiyam ɗin da ake wannan tsere a kansa akwai shi a ƙasarmu, a Nasarawa da Kaduna da Kwara da wasu jihohin. A 2024 an buɗe masana'antar sarrafa shi a jihar Nasarawa. A ƙarshen wannan shekarar kuma kamfanin dillancin labarai na AP ya kawo rahoton yara ƙanana da suke aiki a ramukan haƙar litiyam ba bisa ƙa'ida ba a jihar. Labarin Kwango kenan yake neman maimaita kansa a ƙofar gidanmu. Zimbabwe tun Disambar 2022 ta hana fitar da ɗanyen dutsen litiyam, ta ce sai an sarrafa a gida. In muka bari aka kwashe dutsen a araha, yaranmu suna cikin rami maimakon aji, sannan bayan shekara 10 aka dawo mana da shi a matsayin gajiyayyen batir a tsohuwar mota, to mun yi asara a kai da gindi.

Hausawa suna cewa in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Masu shekara 14 a yau, su ne za su sayi ababen hawa nan da shekara 15, kuma abin da suke gani da ji a titi yanzu shi zai zauna musu. In keke mai shiru, mai batirin da ya jure zafinmu, mai wurin musanya a unguwa suka taso da shi, shi za su nema, kuma kasuwa za ta bi su kamar yadda ta bi masu Walkman.

A nan za mu dakata. Tambayarmu ta wannan makon guda biyu ce. In aka ce a tsara sautin gargaɗi na kekunan lantarki a garinku, wanda makaho zai ji ya gane abin hawa ne, da wane kayan kiɗa za ku so a fara, kalangu, ko kuntigi, ko gurmi? Sannan wace waƙa ce ta kama ku kuna shekara 14 har yau ba ta sake ku ba? Ku rubuto mana a ƙasa, za mu karanto wasu a shiri na gaba. Wanda kuma ya san mai shirin sayen keke ko babur na lantarki, ya tura masa wannan kafin ya biya kuɗi.